Mai Suna a Ƙasar Ƙanƙara

Aikina a da karanta labarai ne da Hausa a rediyo. Shekaru da yawa ina fita daga Hindawiyya, unguwarmu a Makka, bayan sallar asuba, in shiga mota zuwa Jidda, in fassara abin da aka ajiye mini a tebur, a ɗauki muryata, in dawo Makka kafin rana ta faɗi. Tun ina sabon shiga aka koya mini cewa mai karanta labarai ba ya tsallake suna. In ka zo kan sunan da ya fi ƙarfin bakinka, ka tsaya ka koye shi. Mutum yakan yafe maka in ka rage masa muƙami, amma ba ya mance wanda ya ɓata masa suna.

A ƙarshen shirinmu na mako akwai ɗan gurbi da ake cikawa da labarin wata ƙasa mai nisa wadda babu mai rigima a kanta. Ni aka bar wa zaɓin. A wannan gurbi na fara cin karo da mutumin da zan ba da labarinsa. Ɗan ƙabilar Inuwit ne, mutanen can ƙuryar arewacin duniya, masu kamun kifi da farautar dabbobin ruwa a kan ƙanƙara. Malamin makaranta ne a wani ƙaramin gari, aka sa shi cikin wakilan da za su zauna da gwamnatin babbar ƙasar da ke riƙe da su, a tattauna yadda yankinsu zai riƙa gudanar da al'amuransa da kansa. Sunansa dogo ne, kuma akwai wani harafi a cikinsa da ke fitowa daga can ƙasan maƙogwaro, kusa da inda mai karatun Alƙur'ani ke fitar da ƙaf. Na yi ta maimaita shi a mota har ya zauna.

Bayan magariba ake sa shirin, saboda haka a gida nake jin kaina. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan zauna a kan darduma da rediyo a gefen gwiwarta, ni kuma ina jingine da bango ina shan shayi. Ba ta taɓa yi mini magana muryata na fita daga rediyon ba. Sai an gama take juyowa.

"Babana, waɗannan mutanen da ka ce rana ba ta faɗuwa a wurinsu, yaya suke sallar magariba?"

"Ba musulmi ba ne, Inna."

"Allah Ya shirye su. To yaya suke sanin lokacin tuwo?"

Na ce ban sani ba. Ta ce da ma ku 'yan rediyo abin da ba a tambaye ku ba shi kuka fi sani.

Da aka kammala yarjejeniyar, mun yi gardama a ofis kan kalmar da za a sa. Wani abokin aikina ya ce a ce sun sami 'yancin kai. Na ce ba su samu ba, domin soja da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje duk suna hannun babbar ƙasar. Abin da aka ba su majalisa ce, da makarantu, da ikon faɗin yadda za a yi da ƙasarsu da ruwansu. Na karanta cewa sun sami ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai. Da Inna ta ji a rediyo, ta yi dariya har ta yi tari.

"Wato an ba su ƙwarya, an riƙe tukunya."

"Kusan haka ne."

"Amma ƙasar tasu ce? Ba zuwa suka yi ba?"

"Tasu ce tun kaka da kakanni."

Ta ce, "To gara su."

Inna zuwa ta yi. Tana ƙarama ƙwarai mahaifinta ya ɗauko ta daga wani ƙauye a ƙasar Kano, bayan rasuwar mahaifiyarta, suka bi ayarin masu zuwa Makka ta ƙasa. Sun wuce garin Abashe, ba su kai ga shiga Sudan ba, zazzaɓi ya kama shi ya rasu. Aka binne shi a gefen hanya, aka ɗora duwatsu, ayari ya ci gaba. Matan ayarin ne suka riƙe ta har Makka. Ba ta san wurin kabarin ba, ba ta kuma iya tuna fuskarsa sosai. Sunansa kaɗai ta iso da shi. Da aka haife ni ta roƙi mahaifina a sa mini shi, kuma daga ranar ba ta sake furta shi ba. Babana take ce mini. Ko lokacin da take zagina don na fasa mata tulu, Babana take zagi, kuma a hankali.

Ita kanta sunan yankanta ya tafi tare da mahaifin nata. Abin da ta sani shi ne sunan da ake kiranta a ƙauye, irin wanda ake laƙaba wa yarinyar da 'yan'uwanta suka yi ta mutuwa kafin ita, suna marar kyau da gangan, wai don mutuwa ta raina ta ta wuce. Shi aka rubuta a iƙamarta, takardar zama da ta yi ta sabuntawa har tsufanta. Ni nake kai takardar, saboda haka na san sunan da ido. Ban taɓa jin sa a bakin kowa a gidanmu ba.

Mutumin Inuwit ya ci gaba da fitowa a gurbina, wani lokaci sau ɗaya a shekara, wani lokaci a jere. Ya tsaya takara ya shiga sabuwar majalisar. Aka ba shi kula da makarantu, ya dage sai an fara koyar da yara da harshensu kafin harshen babbar ƙasar, ya sha suka daga iyayen da ke tsoron 'ya'yansu za su rasa aiki. Inna ta bi shi kamar yadda ake bin ɗan maƙwabta da ya tafi karatu. Mutumin ƙanƙara take ce masa. In an daɗe ban kawo shi ba, sai ta ce, "Ina mutumina? Ko sanyi ya kashe shi ba ku faɗa ba?"

Daga baya aka zaɓe shi shugaban yankin. Na ga hoton ranar rantsuwa: gajere ne mai faɗin kafaɗa, sanye da rigar fata ta gargajiya, ba ya murmushi. Ya yi jawabinsa da harshensu, manyan baƙi daga babban birni kuwa suka sa abin fassara a kunne. Na gaya wa Inna wannan ta ji daɗi. Ta yi shekaru tana tsayawa a gaban tagogin ofisoshi wani na fassara mata.

A cikin rahoton wannan rana akwai layin da na ɗauka kuskure ne. An rubuta cewa wani tsoho, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ya riƙe hannunsa a bakin zauren majalisa yana kiransa mahaifiyata. Na ja layi a ƙarƙashin kalmar, na ce mai rubutun ya ruɗe. Amma ba na karanta abin da ban tabbatar ba, ba na kuma gyara abin da ban fahimta ba, don haka na nemi bayani. Ashe a al'adarsu in mutum ya mutu, sai a ba jaririn da aka haifa bayansa sunansa, ba ruwansu da namiji ne ko mace. Daga nan dangin mamacin za su riƙa kiran jaririn da irin dangantakar da ke tsakaninsu da mamacin. Shugaban yana ɗauke da sunan mahaifiyar tsohon nan. Tun yana cikin goyo tsohon yake ce masa mahaifiyata.

Na karanta labarin da ɗan ƙarin bayani, ina ganin zai ba masu sauraro mamaki. Inna ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Mai suna ne," in ji ta. "Me ya sa ka yi ta zagaye-zagaye?"

"Su sun ce wani abu na mamacin yana dawowa tare da sunan."

"A'uzu billahi. Rai ba ya dawowa, yana inda Allah Ya ajiye shi." Ta kashe rediyon. "Amma suna ai ba a binne shi. In ba a ɗora wa wani ba, yawo yake yi."

Tun daga ranar ta daina ce masa mutumin ƙanƙara. Mai suna take cewa, kuma in na karanta sunansa a rediyo takan ɗan sunkuyar da kai, kamar na yi rashin kunya a gaban mutane.

Shekarun mulkinsa ba su yi daɗi ba. Gidaje ba su isa ba, kayan abinci da jirgi ke kawowa sun yi tsada, ƙanƙarar da mafarauta suka saba bi ta fara yin sirara tana karyewa da su. Sai maganar haƙar ma'adinai ta taso. Wasu suka ce a bari a haƙa matasa su sami aiki, wasu suka ce ƙasar da aka sha wuya kafin a karɓo ba za a miƙa ta ga kamfani ba. Ya tsaya a tsakiya, ɓangarorin biyu suka yi fushi da shi. Abokan tafiyarsa suka rabu. Ya sake cin zaɓe da ƙyar, ya faɗi a na gaba. Rahoton ƙarshe da na samu ya ce ya bar siyasa ya koma garinsu.

A wannan shekarar ce ƙafafun Inna suka fara kumbura. Ta daina zuwa Harami, ta koma sallah a zaune. A shekarar ce kuma matar ɗana ta sami ciki. Ɗa ɗaya gare ni, yana aiki a wani kamfanin haya na motoci, yana zaune da matarsa a unguwar Zahir. Yana jin Hausa, amma in ya buɗe baki rabin maganar Larabci ce. Likita ya gaya musu mace ce.

Wata Juma'a bayan ɗana da matarsa sun zo sun ci abinci sun tafi, Inna ta kira ni. Ba ta dube ni ba.

"Babana, kai ka ɗauki nawa uban. Ni wa zai ɗauke ni?"

Ba ta sake maimaitawa ba. Amma na gane. A Makka ba a rubuta suna a kan kabari. Dutse ake sawa a kai, kuma bayan wasu shekaru wurin yakan karɓi wani. Ta san inda za ta kwanta ya fi gefen hanyar Abashe daraja, ta kuma san shi ma ba za a iya nuna shi ba.

Na sami ɗana a wurin aikinsa na gaya masa. Ya shafa kansa.

"Ya Baba, wallahi ina son Sitti," in ji shi. Haka yake kiran kakarsa, irin na mutanen Hijaz. "Bas sunan nan, ka san ma'anarsa. A madarasa za su yi mata dariya. Kafin ta buɗe baki an ce 'yar Takari ce." Haka ake kiran irinmu, waɗanda iyayensu suka zo daga ƙasashen baƙar fata suka zauna.

"Ita ce ai."

"Na sani. Amma sai na rubuta mata a goshi?"

"Ban ce dole ba. Saƙo na kawo."

"Kullum haka kake, kamar kana karanta nashra." Labarai yake nufi. "Kai me kake so?"

Na ce abin da nake so ba shi ne maganar ba. Muka rabu a haka. Da na koma gida Inna ba ta tambaye ni yadda muka yi ba.

Abin da ta riƙa tambaya a watannin nan shi ne mai suna. Na yi ritaya a lokacin, rediyon na gefen gwiwarta amma muryar wani ce a ciki. Kowace safiya nakan duba wayata ko zan ga wani abu game da shi.

"Akwai labari?"

"Babu, Inna."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"To lafiya ke nan. Wanda ya koma gida ba ya shiga labarai."

Wata rana da la'asar, tana kwance, ta ce ta gan shi. Na ce a mafarki? Ta ce ba ta sani ba. Yana tsaye a wani fili fari fat, babu itace babu gida, yana tara duwatsu. Ta ce filin ya yi kama da wani wuri da ta taɓa wucewa tana yarinya, sai dai can zafi ne. Na taɓa goshinta, da ɗumi. Na ƙara mata mayafi duk da zafin garin, domin ta ce sanyi take ji.

Ta rasu kafin haihuwar. Aka yi mata sallah a Harami bayan azahar tare da wasu gawawwaki. Mai sanarwa ya ce a yi sallah ga mamata, bai ambaci kowa ba, haka ake yi. Muka kai ta maƙabarta, muka sa dutse. Na ƙirga layuka daga bango don in riƙe wurin, amma da na koma bayan wata biyu an ƙara wasu layukan, lissafina ya rikice.

Ranar suna maza suka cika falon ɗana a Zahir, abokan aikinsa da maƙwabta da 'yan tsofaffin Hindawiyya da suka rage. Ban tambaye shi abin da ya yanke ba. Aka kawo shinkafa da nama. Sai ya miƙe da jaririyar a hannu, ya dube ni, ya faɗi sunan.

Da ƙarfi ya faɗe shi, da lafazin Larabawa, ya ja wasalin da ba a ja. Wannan ne karo na farko da na ji sunan mahaifiyata a cikin iska. Na yi shekaru ina karanta labarin yaƙi da girgizar ƙasa muryata ba ta taɓa rawa ba, amma ranar sai da na ajiye kofin da ke hannuna a ƙasa. Wani tsoho a gefena ya ce Allah Ya raya, ya matsa gwiwata.

Da mutane suka watse na yi wa ɗana godiya. Na yi da gaske, domin na san abin da ya haɗiye. Sannan na ce yanzu sai a zaɓa mata abin da za a riƙa kiranta, Inna ko Ummi ko Mama, yadda aka saba yi wa mai suna.

Ya dube ni kamar na yi masa wasa.

"Ya Baba, ka san wahalar da na sha? Ma'aikacin rajistar haihuwa ya ce wannan ba suna ba ne, sai da na kai masa tsohuwar iƙamar Sitti ya gani. Matata ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Yanzu kuma mu ɓoye shi? To me ya sa muka sa?"

"Ba ɓoyewa ba ne. Sakayawa ce."

"Mene ne bambancin?"

Na buɗe baki in yi bayani, na ga duk abin da zan faɗa fassara ce, kuma ba za ta isa ba. Ya ce shi ba ya jin kunyar sunan kakarsa, zai kira shi a gida da makaranta da kasuwa, wanda zai yi dariya ya yi. Na tuna mutumin da ya tsaya a zauren majalisa ya sa baƙi suka saka abin fassara a kunne. Ba zan iya cewa ɗana ya yi kuskure ba. Inna ta roƙi a ɗauke ta, an ɗauke ta. Ba ta faɗi yadda za a riƙe ba, domin ba ta zaci akwai wanda bai sani ba.

Yarinyar ta yi wayo yanzu. Nakan je Zahir ranar Asabar da la'asar. Tun daga matakala nake jin sunan. Uwarta na kiransa daga kicin, yaran maƙwabta na ƙwala shi ta taga, ubanta na haɗa shi da tsawa in ta hau kan tebur. Sunan da aka yi shekara da shekaru ana kewaye shi a gidanmu kamar rijiya marar murfi, ga shi ana jifa da shi daga ɗaki zuwa ɗaki. Kowane kira sai in waiga wajen da dardumar Inna za ta kasance. Ban saba ba, kuma na daina sa ran zan saba.

Ni Inna nake ce mata. Da tana ƙarama takan amsa, yadda yaro ke amsa duk abin da aka kira shi da fara'a.

Mai suna kuwa sau ɗaya na sake ganinsa. Wani hoto ne a waya, ba labari ba: tsoho a bakin ruwa kusa da ƙaramin jirgi, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ban san ko yana raye yanzu ba. In ya mutu, na san abin da mutanensa za su yi, kuma wani wuri a cikin ƙanƙarar akwai jaririn da tsofaffi ke gaisarwa da ladabi.

Asabar ɗin da ta wuce yarinyar ta zubar da shayi a kan kafet. Uwarta ta daka mata tsawa da cikakken sunan, ta ƙara da cewa ba ta da hankali. Na tashi na fita baranda. Jim kaɗan sai ga ta ta biyo ni, hawaye bai bushe ba, ta hau cinyata. Da Larabci muke magana, domin Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Jaddi take ce mini, wato kaka.

"Jaddi, me ya sa kake ce mini Inna? Ba sunana ba ne."

"Na sani."

"To faɗi sunana."

"Sunan mahaifiyata ne. Ba a faɗin sunan uwa."

"Baba yana faɗa."

"Shi kakarsa ce."

Ta yi tunani, ba ta gamsu ba. "Ba ka iya ba ne. Yana da wuya. Malamarmu ma ba ta iya ba."

Na ce na iya waɗanda suka fi shi wuya. Ta ce ƙarya ne. Sai na faɗa mata sunan mutumin Inuwit, duka, da harafin maƙogwaron a inda yake. Ya fito daidai kamar jiya na koye shi. Ta yi dariya har ta kusa faɗuwa, ta ce in sake, na sake.

"To yanzu nawa," in ji ta.

Ta kama fuskata da hannu biyu, tafinta na danƙon sukari, ta matso kusa. Ta fara faɗa mini shi gaɓa-gaɓa, a hankali, yadda ake koya wa yaro, tana jira in maimaita. Idonta na kan bakina. Daga masallacin unguwa aka fara gyara lasifika don kiran magariba, lokacin da a da muke jiran a sa shirina.

Na ja numfashi yadda aka koya mini a yi kafin suna mai nauyi. Harshena ya hau inda harafin farko yake, ya tsaya a can.

"Inna," na ce, "sauka mu je a goge shayin nan."